Gwaggo Ƙirga da Dutse na Ashirin

Ni ce mai gidan rainon. Ni na kama ɗakunan, ni iyaye suke kira idan akwai magana, amma duk wanda ya taɓa kawo mana yaro ya san ɗakin ƙanana ba nawa ba ne, na Gwaggo Ƙirga ne. Sau ɗaya tak na nuna mata iko a cikin ɗakin nan, wata ranar Alhamis, kuma a ranar ne ran ɗan mutane ya zo ya tsaya a kan wani dutsen kwalliya da bai fi ƙwayar wake ba. 

Aikin shara Gwaggo ta zo nema, shekara bakwai kafin wannan ranar. Doguwa ce, siririya, ta ba hamsin baya, hannunta duk ya yi kanta ya tsattsage. Na tambaye ta aikin da ta taɓa yi, ta ce wanki da guga, tun tana amarya har gwiwa ta hana ta durƙuso. Mijinta mai fentin gidaje ne, ya rasu. Na ce 'ya'ya fa? Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Biyu. Maza ne, sun girma." Ban ja zancen ba, na miƙa mata tsintsiya.

Ba ta yi wata guda tana shara ba aka kawo mana wani yaro da ya yi kwana uku yana tsala ihu tun safe har a zo ɗaukarsa. Mun goya, mun jijjiga, mun yi waƙa, duk a banza. Rana ta huɗu Gwaggo ta ajiye tsintsiya, ta shiga kicin ba tare da ta tambayi kowa ba, ta dama sitaci mai ɗumi a kwano, ta zo ta zauna a ƙasa ta kama hannun yaron ta tsoma. Wallahi kamar an kashe rediyo. Ya tsaya yana kallon abin yana zurarowa ta tsakanin yatsunsa, ya kai baki, ya ɓata fuska, ya sake tsomawa. Daga ranar na ce ta bar tsintsiya ta riƙe ɗakin ƙanana, 'yan shekara ɗaya zuwa biyu da rabi.

Ba ta yi karatun raino ba, ni ce na yi, har da takardar shaida a bango. Amma abin da take yi da yaran nan babu shi a littafina. Haɗa launi a wurin mijinta ta gani, sai ta mayar da shi na ci. Kurkum ya ba ta rawaya, tumatir ya ba ta ja, alayyahu kore, karas ruwan lemo, duk ta dama da fulawa ko sitaci. Sai ta shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, ta tuɓe wa yara riguna, ta sake su. Su dangwala, su shafa, su taka, su lasa. Wani kwanon ta ba su da ɗumi, wani ta saka shi a firij ya yi sanyi, don kawai ta ga yadda fuskarsu za ta canza. Tana da wani bargo da ta ɗinke da ƙyallaye iri-iri, nan karammiski, nan buhu, nan soson wanka, nan leda mai ƙara. Tana da gwangwanaye da ta zuba wa yashi da tsakuwa ta liƙe bakinsu ruf. Kullum kuma kafin barcin rana suna da wani wasa: ta ɗaga yatsa ɗaya sama, ta ce "Shhh, wa ya ji?" Sai ka ga yara sun yi tsit, kowa ya kama kunne, suna sauraren ko mota ce ta wuce, ko famfo ne ke ɗiga. Ni ko minti ɗaya ban taɓa iya sa su yin shiru ba.

Takan ce min, "Hajiya, yaro ƙarami da baki yake kallo. Duk abin da kika ajiye a gabansa, ki ɗauka kin ba shi ne ya ci."

Dokokinta uku ne, kuma duk ukun sun sha ba ni haushi. Ta farko, duk abin da zai shiga ɗakinta sai ta haɗa babban yatsa da manuni ta gwada. Idan ya wuce ta tsakiya, ba zai shiga ba. Ta biyu, ƙirga. Cokula, murafai, gwangwanaye, soso, yara kansu, sai ta ƙirga da safe, ta ƙirga bayan wasa, ta ƙirga kafin a tashi, leɓenta na motsi kamar mai lazimi. Daga nan iyaye suka laƙaba mata sunan, ita kuwa ko a jikinta. Ta uku ita ce ban taɓa ganewa ba: babu shuɗi. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta da abin haɗa shi wanda yaro zai iya ci. Na yarda. Sai wata uwa ta kawo mata kalar kek shuɗiya, wadda ake ci, ta karɓa ta yi godiya, da yamma ta mayar mata a cikin jakar yaro.

To sai aka buɗe wani sabon gidan raino a layinmu, mai fenti kala-kala da lilo a ƙofa. Kullum suna tura wa iyaye hotunan zanen yara a waya, tsaf-tsaf, ga sama ga taurari. Cikin wata ɗaya aka cire min yara biyu aka mayar can. Wata uwa ta ɗauki takardar ɗanta a gabana, ta juya ta, ta ce, "Anti, wannan zane ne ko miya ce ta zube?" Na yi dariya, amma maganar ta ci ni. A ranar na yanke shawara: Alhamis mai zuwa, ƙarfe huɗu, za a yi taron iyaye. Yara za su yi babban hoton sama da tafin hannunsu, shuɗi shar, ni kuma in liƙa masa taurari masu walƙiya.

Na je kanti na sayo gwangwanin fenti shuɗi, an rubuta a jikinsa ba ya cutar da yara. Taurarin kuma na roƙa a wurin tela, wata baiwar Allah mai shago a bakin titi, wadda ɗanta ke ɗakin Gwaggo. Shekararsa ɗaya da wata bakwai, ba ya kuka, ba ya rigima, inda ka ajiye shi nan za ka same shi, har muke kiransa Malam Shiru. Shi kaɗai gare ta, bayan ta yi shekara tara tana nema. Ta ɗebo min duwatsun kwalliyar da take sa wa riguna a 'yar leda, ta ce za ta zo da wuri ranar taron ta kawo min mayafin tebur.

Ranar Alhamis mai rainon da ke taya mu ta kira ta ce zazzaɓi ya kwantar da ita. Saura ni da Gwaggo da yara tara, duk an yi musu gayu da fararen safa kamar yadda na ce. Bayan azahar na shigo ɗakin da gwangwanin a hannu ɗaya, ledar duwatsu a ɗaya.

Gwaggo ta dubi gwangwanin, ta ce, "Hajiya, ba a ɗakin nan ba."

Na ce, "Karanta nan, ba ya cutarwa. Ko sun sha shi ba abin da zai same su."

"Ko ruwan sha ne, ba a ɗakin nan ba."

Ta zaro dutse ɗaya daga ledar, ta haɗa yatsunta biyu, ta sake shi ta tsakiya ya faɗa tafinta. Ta tsare ni da ido. Raina ya ɓaci. Tun asuba nake a tsaye, ga kujerun haya ba su iso ba, ga wannan mata tana min gwaji kamar ni ce sabuwar ma'aikaciya.

Na ce, "Gwaggo, da girmanki, amma bari in tambaye ki. Gidan nan naki ne ko nawa?"

Ta ce, "Naki ne."

"To yau abin da na ce shi za a yi. Duwatsun ni zan liƙa da hannuna, ba yaron da zai taɓa."

Sai ta ɗauko faranti, ta juye duwatsun, ta shiga ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, a hankali, ina tsaye ina cika ina batsewa. Ta ce, "Ashirin ne." Na ce na ji, Allah ya ba da lada.

Gaskiya yaran sun ji daɗin shuɗin, wannan ba zan ɓoye ba. Ba su taɓa ganin irinsa ba. Suka dinga dangwala hannu suna buga wa takarda, suna shewa, suna shafa wa juna a kumatu, kuma kamar kullum kowa ya kai baki. Kafin a gama, yara tara sun zama masu shuɗin leɓe, shuɗin harshe, shuɗin farce. Gwaggo ta bi su da tsumma da ruwan ɗumi, amma fentin kanti ba irin nata ba ne, ya kama fata ya zauna. Na ce ta bari, ai ma abin dariya ne, iyaye za su ɗauki hoto. Ba ta yi dariya ba. Na lura da yadda take murɗe tsumman da ƙarfi, na ɗauka fushi ne.

Babban teburin na riga na jera masa kofuna da lemon baƙi, don haka a kan ƙaramin teburin yara na shimfiɗa takardar na fara liƙa taurari. Na kunna musu waƙa a waya ta cikin lasifika, fanka na juyawa. Wata yarinya da muke kira Jiniya saboda ƙarfin muryarta ta ɓata wando, Gwaggo ta ɗauke ta zuwa banɗaki. Daga bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Idonki a kan farantin, Hajiya." Na ce to, ba tare da na ɗago kai ba.

Sai mai kujeru ya buga ƙofar gida. Na leƙa ta taga, na ga yana shirin sauke su a tsakiyar hanya. Na fita in nuna masa inda zai jera. Na rantse ban yi minti uku ba. Da na dawo farantin yana inda na bar shi, yara na ta harkarsu, na zauna na ci gaba.

Gwaggo ta fito da Jiniya a kafaɗa, ta sauke ta, ta wuce kai tsaye wurin teburin. Leɓenta ya fara motsi. Ta ƙirga na jikin takarda, ta ƙirga na faranti, ta sake daga farko.

Ta ce, "Sha uku a takarda, shida a faranti. Sha tara."

Na dubi agogo, uku da minti ashirin. Na ce, "Ya gangara ƙasa ne, ko ya shige ƙarƙashin kabad."

"Kin fita?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Hajiya, kin fita daga ɗakin nan?"

"Ƙofa kawai na je." Na jawo tsintsiya na fara zura ta ƙarƙashin kabad. Bakina dai bai daina ba. Na ce, "Kar ki tayar mana da hankali, iyaye na hanya. In ba a gani ba yanzu, a nema bayan sun tafi." Wannan maganar ni na faɗe ta, da bakina, kuma ba ranar da ba na jin kunyarta.

Ta fizge tsintsiyar daga hannuna ta jefar. Shekara bakwai ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ba ta taɓa kirana da wani suna ban da Hajiya ba. Ta ce, "Ke yarinya, ba a ƙasa ake fara nema ba!"

Ta durƙusa a kan gwiwar nan tata mai ciwo, ta cafko yaron da ya fi kusa, ta buɗe bakinsa. Shuɗi. Ta ja leɓensa na ƙasa, shuɗi. Ta duba farcensa, shuɗi. Ta sake shi ta kama na biyu, ta kama ta uku, duk haka. A nan ne na gane abin da take nema. A makarantar raino an koya mana, na ma rubuta a jarrabawa: yaron da iska ba ta isar masa, leɓensa da harshensa da farcensa ne ke fara sauya launi. Ga shi ni da kaina na shafe duk inda za a duba, a jikin yara tara.

Yaran da ta taɓa suka fashe da kuka, sauran suka kama. Na ce, "Gwaggo, kin firgita su."

"Mai kuka yana da iska, bar shi ya yi. Kashe waƙar nan. Kashe fanka."

Na kashe. Ta bi ɗakin da ido tana ƙirga masu kuka: shida. Uku ba sa yi. Biyu suna tsaye sun saki baki suna kallonta, na ukun Malam Shiru ne, yana zaune a jikin bango inda ya saba, da ƙyallen karammiski a hannu. Na ce, "Wannan ai haka yake kullum." Ba ta kula ni ba. Kukan ya cika ɗakin, ba ka jin komai sai shi.

Sai ta miƙe a kan gwiwa, ta ɗaga yatsa ɗaya sama. Muryarta ta fito a sanyaye kamar ta kowace rana. "Shhh. Wa ya ji?"

Ban taɓa zaton zai yi aiki ba. Jiniya ce ta fara haɗiye kukanta, ta kama kunne, hawaye na zuba. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, suna shessheƙa. Ɗakin ya yi tsit. Ina jin mai kujeru yana jan ƙarfe a waje, ina jin bugun zuciyata. Sai kuma wani ɗan sauti siriri, fiii, ya tsaya, fiii, kamar iska na fita daga ƙaramar huda.

Gwaggo ta rarrafa. Ta kara kunne a ƙirjin na farko cikin ukun nan, ta wuce. Na biyu, ta wuce. Kafin ta kai bango na riga na ga abin da na kasa gani ɗazu: idon Malam Shiru a buɗe yake fiye da kima, ramin wuyansa na lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi, ga yawu na bin haɓarsa. Ta fizge farar safarsa. Nan kaɗai fenti bai taɓa ba. Farcen ƙafarsa ya yi toka-toka.

Ta ce, "Shi ne."

Tana ɗaga shi ya yi yunƙurin tari, tarin bai fito ba, sautin nan ma ya ɗauke. Bakinsa a buɗe, ba abin da ke shiga, ba abin da ke fita. Na kurma ihu, na kai hannu zan zura yatsa a bakinsa, ta buge min hannu. "Za ki tura shi ciki! Kira mota!"

Ta kifa shi a kan cinyarta, kansa ya yi ƙasa, ta tallafe haɓarsa da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan ta sauke gindin tafinta a tsakanin kafaɗunsa. Ba irin bubbugawar lallashi ba, duka ne na gaske, har cikin cikina nake jin sa. Tana yi tana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Ba komai. Ta juyo shi, ta zagaye shi ta baya, ta danna ƙasan haƙarƙarinsa ciki da sama, sau biyar. Ba komai. Hannuwansa da ke fafutuka suka fara saki. Ni kuwa wayar na hannuna, na kasa tuna lambar buɗe ta, wayar da nake buɗewa sau ɗari a rana. Na leƙa taga na ƙwala wa mai kujeru kira ya tayar da motarsa.

Daidai lokacin tela ta yi sallama, da mayafin tebur a ninke a hannunta, fuskarta a sake. Abin da ta gani shi ne tsohuwa ta kifa ɗanta tana jibga, bakinsa shuɗi, kansa na reto. Mayafin ya faɗi. Ta ce, "Za ki kashe min ɗa! Wayyo Allah, za ta kashe min ɗa!" Ta yi kukan kura ta nufi Gwaggo.

Abu ɗaya na kirki da na yi a ranar shi ne wannan. Na tare ta, na rungume ta ta baya, na ƙanƙame. Ta yakushe ni, ta cije ni a hannu, tabon na nan har yau. Ina ce mata, "Ya haɗiyi abu ne, ki bar ta, don girman Allah ki bar ta!" Gwaggo ko waiwaye ba ta yi ba. Ta sake kifa shi. Ɗaya. Biyu. Muryarta ta dushe. Uku. A na huɗu ta ce wani abu da ba lamba ba, kamar sunan wani take kira, ban ji da kyau ba. Ta sauke na biyar.

Wani abu ya buga tayil, ƙwal, ya gangara ya tsaya a jikin ƙafar tebur.

Shiru. Sai yaron ya ja wata iska mai ƙara, ya yi tari, ya amayo ruwa shuɗi a zanin Gwaggo, sannan ya tsala kuka. Wata bakwai yana gidanmu ban taɓa jin muryarsa haka ba, kuma ban taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba. Na saki tela, ta zube ta ɗauke shi. Ni ma na zube. Gwaggo ta rarrafa ta ɗauko dutsen, ta goge shi a gefen zaninta, ta ajiye a faranti.

Ta ce, "Ashirin."

A motar mai kujeru muka kai shi asibiti. A hanya tela ta tambaye ni me ya haɗiya, na faɗa mata, ban rage komai ba: dutsenta ne, ni na roƙa, Gwaggo ta hana, ni na ƙi ji, ni na fita na bar farantin. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta rungume ɗanta tana kallon titi, ta ce, "Da hannuna na ɗebo miki." Likita ya duba shi, ya ce maƙogwaron ya ɗan kurje amma ba abin da ya saura a ciki, za su riƙe shi zuwa gobe don su sa ido. Ya tambayi wanda ya fitar da dutsen, ya ce a gaishe ta.

Rana ta yi sanyi lokacin da na dawo. Taro ya watse tun kafin a fara, Gwaggo ta sallami iyaye, kowa ya ɗauki nasa. Kujeru na jere ba wanda ya zauna a kai. Na same ta a bayan gida, a bakin famfo, tana dirzar hannunta da soso. Fentin ya shige duk tsagar da ke fatarta ya ƙi fita. Ta dirza har wuri ya yi ja.

Na ce, "Gwaggo, yana lafiya. Likita ya ce a gaishe ki."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta daina dirzar ba.

Na tsuguna kusa da ita, na ce ta yafe min. Na fara jero bayani, ta katse ni, ba da faɗa ba.

"Kin san bula, Hajiya? Wannan shuɗin garin da ake sa wa fararen kaya a ruwan ɗauraya. Lokacin da nake wanki, hannuna kullum haka yake, kamar yau. Ina da yarinya, ba ta cika shekara biyu ba. A gefen baho take wuni, ta tsoma hannu ta kai baki, kullum leɓenta shuɗi, har maƙwabta na tsokanarta." Ta juya hannunta a ƙarƙashin ruwan. "Wata rana ina wanke rigar wani mutum mai faɗa, na ga maɓalli ɗaya babu. Tsoronsa ya kama ni. Na zubar da ruwan baho, na tone kwata, na share tsakar gida sau biyu. Tana zaune a tabarma, ta yi shiru, na ji daɗi ma da ba ta dame ni ba. Na dube ta, Hajiya. Sau biyu na dube ta, na ga bakin, na ce bula ce."

Ruwa na ta zuba.

"Ina ƙasa ina neman maɓallin mutane, yana wuyan 'yata."

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba? Da kin faɗa, wallahi da ban shigo da gwangwanin nan ba."

Ta ce, "Na faɗa miki ba a ɗakin nan ba. Iya abin da bakina ke iya faɗa ke nan."

Gwangwanin a ranar na jefa shi a shara, da takardar saman da taurarinta sha uku. Bayan mako biyu tela ta dawo da Malam Shiru, ta wuce ni a ƙofa ba ta ko kalle ni ba, ta sa shi a hannun Gwaggo. Har yanzu a gidanmu sama rawaya ce, ko kore, wani lokaci kalar miyar da ta zube, kuma duk uwar da ta tambaya ni nake ba ta amsa, ba na bari a je wurin Gwaggo.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne abin da ta ce a ƙarshe, a bakin famfon nan, bayan na ɗauka ta gama. Ta rufe ruwan, ta dubi hannunta.

"Ranar da na zo neman aiki kin tambaye ni 'ya'ya, na ce miki biyu. Uku ne, Hajiya. Duk ƙirgar da nake yi, wannan ce kaɗai nake faɗa ba daidai ba."

Na karɓi soson daga hannunta na ajiye, na ɗauko man shafawa, na zauna a ƙasa ina shafa mata a inda ya kurje.